Darasi na 9: Aski a Gida

Manufofin darasi

Idan mai koyo ya kammala wannan darasi, ana sa ran zai iya lissafa abin da aski ke ci wa gidansa a wata da kuma a shekara. Zai san kayan aski da amfanin lambobin kilifa, zai iya tsaftace kayan ta yadda ba za su kwashi cuta daga wannan kai su kai wa wancan ba, zai iya yi wa yaro aski ya kuma yi wa kansa. Daga ƙarshe zai gane lokacin da ya kamata a ajiye kilifa a nufi asibiti.

1. Daga zabira zuwa kilifa

Tun kafin shagunan aski su jeru a bakin titi a Tiga da Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, wanzami ne ke bin gidaje da zabirarsa rataye a kafaɗa. Kusan kowane gida da wanzaminsa, kuma galibi abin gado ne: wanda ya yi wa uba askin suna, shi ko ɗansa ne zai yi wa 'ya'yan gidan. Aikinsa ya wuce aski, don shi ke yin ƙaho da kaciya. Ana sallamarsa da kuɗi, da kaka kuma a kai masa hatsi. Wanzamai suna da shugabansu, Sarkin Aska, sarautar da har yau ake naɗawa a ƙasar Kano.

Kilifa kuwa baƙuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Leo Wahl ne ya ƙera irin wadda ke aiki da lantarki, ya kafa kamfaninsa a 1919. Yau wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano zai tarar da ita iri-iri, daga Wahl zuwa Chaoba da Kemei, wasu masu igiya, wasu masu caji.

Abin da ya sa magidanta da yawa suka fara tunanin sayen tasu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai shagon da ke tayar da janareta dole ya ƙara kuɗin aski, mai babur ma ya ƙara nasa. Mutumin ƙauyen da ke gefen dajin Falgore, idan zai kai yara aski cikin gari, sai ya biya kuɗin hanya zuwa da dawowa, ya kuma bar gona rabin yini. Da damina, lokacin da noman shinkafa da masara ya kankama a Tudun Wada da Doguwa, rabin yini ba abin wasa ba ne. Jajibirin Sallah kuwa, ana iya kaiwa tsakar dare a kan layi.

Misali na 1: lissafin kuɗi
A ƙaddara wani magidanci a wani ƙauyen Kiru yana da 'ya'ya maza uku, shi ne na huɗu. A ƙaddara kuɗin aski naira 500 ne, suna zuwa sau biyu a wata, kuɗin babur kuma naira 1,000 a kowace tafiya.
Aski: 4 × 500 × 2 = naira 4,000
Babur: 1,000 × 2 = naira 2,000
Jimla a wata: naira 6,000. A shekara: naira 72,000.
A ƙaddara ya sayi kilifa mai caji da sauran kaya a kan naira 22,000, yana kuma kashe naira 500 a wata wajen sifirit da reza da caji. Abin da ya rage masa a wata shi ne 6,000 − 500 = naira 5,500. Cikin wata huɗu kuɗin kayan sun dawo, domin 5,500 × 4 = 22,000. Waɗannan farashi na misali ne. Kowane mai koyo ya sa na garinsu ya sake lissafin.

Rarar kuɗi abin so ce, amma babbar ribar askin gida tana wani wuri: mai gida ya san kan wa kilifarsa ta hau jiya, ya kuma san ko an wanke ta.

2. Kayan aiki da lambobin kilifa

Kayan ba su da yawa: kilifa da matajanta, mataji na hannu, ƙaramin almakashi, buroshi (tsohon buroshin haƙori ma ya wadatar), sifirit, auduga, man kilifa, tawul ko tsohon zane mai tsafta, da madubi.

A inda wutar KEDCO ke zuwa jefi-jefi, ko ba ta isa ba sam, mai caji ta fi, tunda ana iya cajinta da sola a wurin masu cajin waya. Wanda zai sayi mai igiya, musamman ta hannu, ya duba rubutun jikinta. Wutar Najeriya bolt 230 ce, wadda aka ƙera don Amurka kuwa bolt 110 zuwa 120 take ɗauka, kuma tana iya ƙonewa da zarar an jona ta.

AKWATIN MA'ANA
Bakin kilifa: ƙarafa biyu masu haƙora, ɗaya a tsaye yake, ɗaya na kai da komo yana yanke gashi.
Matajin kilifa: robar da ake maƙalawa a baki don ta ƙayyade tsawon gashin da za a bari. Kowane da lambarsa.
Saisaye: rage tsawon gashi ba tare da an kai ga fata ba.
Ƙwal-kwabo: aske kai gaba ɗaya har fata.
Gyaran fuska: daidaita gemu da saje da gashin baki da bakin goshi.

Lamba 1 tana barin gashi milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kimanin milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Wato duk lokacin da lamba ta ƙaru, gashin da ke saura ya ƙaru. Sabon hannu ya fara da babbar lamba ya sauko, don gashin da aka bari ana iya rage shi, wanda aka cire kuwa sai a jira. Gashin kai yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata.

Misali na 2
An yi wa yaro aski da lamba 1, gashinsa ya koma milimita 3. Bayan mako biyu ya ƙaru da kimanin milimita 5, ya zama 8. Bayan wata guda ya kai kimanin 13, daidai da lamba 4. Saboda haka yaron da makarantarsu ke son gajeren gashi zai buƙaci aski duk mako biyu zuwa uku.

Kafin kowane aski a ɗiga man kilifa ɗigo biyu ko uku a kan haƙoran, a kunna ta ɗan lokaci, a goge ragowar. Idan babu shi, man keken ɗinki yana yi. Man gyaɗa da manja ba sa yi, don suna daskarewa su riƙe gashi da ƙura. A duba zaman bakin kuma: ƙarfen da ke motsi ya kasance ɗan baya kaɗan da wanda ke tsaye. Idan ya leƙo gaba, zai tsaga fata. Ana gyara shi ta sassauta ƙusoshi biyun da ke riƙe da bakin da sukudireba, a daidaita, a ɗaure.

3. Tsafta: zuciyar darasin

Aska da reza da kilifa duk suna iya yin 'yar tsagar da ido ba ya gani. Ta nan jinin wani ke saduwa da jinin wani.

Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma a wurin aski ciwon hanta nau'in B ya fi zama abin damuwa. Ƙwayar cutarsa tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai, ko da jinin ya bushe a jikin ƙarfe. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin goma sha biyu. Mafi yawansu ba su sani ba, domin cutar kan yi shekaru ba ta nuna alama, sai daga baya ta lalata hanta. Wannan ne dalilin da ya sa faɗin "ai duk 'yan gida ne" bai isa hujjar barin wanke kilifa ba. Uba na iya ɗauke da cutar bai sani ba, kuma ƙaramin yaro ya fi babba haɗarin ta zauna masa har girma.

Sai makero, wanda ya fi yawa a kan yara. Wani naman gwari ne da ke cin fatar kai da saiwar gashi, ya bar da'ira mai fari-fari inda gashi ya kakkarye. Mataji ɗaya, hula ɗaya ko kilifa ɗaya sun isa su zagaya da shi ɗakin yara ko tsangaya baki ɗaya.

AKWATIN MA'ANA
Ciwon hanta nau'in B: cutar da ke kama hanta, tana yaɗuwa ta jini, ta saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Tana da rigakafi.
Makero: cutar fata mai yaɗuwa ta taɓawa da ta kayan da aka yi tarayya a kansu.
Wankewa: cire datti da gashi da ido ke gani.
Kashe ƙwayoyin cuta: amfani da sinadari ko tafasa don halaka abin da ido ba ya gani.

Aikin tsaftace kayan hawa biyu ne, kuma ba a tsallake na farko. Da fari a kakkaɓe gashin da ya maƙale a haƙoran kilifa da buroshi, don sinadari ba ya ratsa datti. Sannan a jiƙa auduga da sifirit sosai a goge bakin, a bar shi a jiƙe 'yan mintuna har ya bushe da kansa. Matajan roba da mataji na hannu a wanke su da ruwa da sabulu. Ana yin haka tsakanin kowane kai da mai bi masa, ba sai an gama da kowa ba.

A wasu shaguna akan ga an zuba wa kilifa fetur ko kananzir, ko a haska mata wutar laita na daƙiƙa biyu. Wannan bai isa a dogara da shi ba. Fetur da kananzir ba magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba ne, suna kuma ƙona fatar yaro. Sifirit ma yana kama wuta, don haka kada a kusantar da shi murhu ko fitila.

Idan jini ya taɓa bakin kilifa, ko an yi wa mai makero aski, sai a kwance bakin a jiƙa shi cikin ruwan bilic, irin su Jik ko Hypo, wanda aka sirka har ƙarfinsa ya koma kashi 0.5 cikin ɗari, na tsawon minti goma. Bayan nan a ɗauraye da ruwa mai tsafta, a busar, a sa mai, in ba haka ba zai yi tsatsa. Jikin injin kansa ba a tsoma shi a ruwa.

Misali na 3: sirka bilic
A duba ƙarfin da aka rubuta a jikin roba, a ninka shi sau biyu, a cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne yawan ma'aunin ruwa.
Idan an rubuta 3.5%: 3.5 × 2 = 7; 7 − 1 = 6. Kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa.
Idan an rubuta 5%: 5 × 2 = 10; 10 − 1 = 9. Kofi ɗaya na bilic, kofi tara na ruwa.
A haɗa sabo a ranar da za a yi amfani da shi, kada a gauraya shi da wani sinadari, a kuma ɗaga shi inda hannun yara ba ya kaiwa.

Reza kuwa hukuncinta ɗaya ne: mutum ɗaya, reza ɗaya, sau ɗaya. Wadda aka gama da ita a jefa cikin gwangwani mai murfi, idan ya cika a binne shi da zurfi ko a jefa masai. Rezar da aka yar a tsakar gida, yaro mai rarrafe ne zai fara tsintar ta.

4. Yadda ake yi wa yaro aski

Safiya ta fi, a tsakar gida inda haske ya wadata kuma iska ba ta kaɗa gashi zuwa madafi. A wanke kan yaron da sabulu, a bari ya bushe sarai, domin kilifa ba ta son jiƙaƙƙen gashi, ƙurar hunturu kuma tana dakusar da bakinta. A taje gashin ya miƙe. Kafin a fara, a duba fatar kan da kyau: akwai ƙurji, gyambo, ƙwarƙwata ko tabon makero?

A zaunar da shi a kujera, a yafa masa tawul. Yaron da bai saba ba, a bari ya ji ƙarar kilifar, a ɗora masa ita a bayan hannu ya ji ba ta cizo. Tsawa da danne kai su ke jawo zabura, zabura kuma ita ke jawo yanka. Idan yana kuka sosai a dakata.

A fara daga gefe, a koma ƙeya, a ƙare da tsakiyar kai. A kwantar da matajin kilifa a kan fata, a tura a hankali, kowane layi ya ɗan hau kan wanda ya gabace shi don kada a bar tsiri. Gashi mai murɗewa irin na yawancin mutanenmu ya fi yin sumul idan aka fara bin inda ya kwanta. Bi ta kishiyar kwanciyarsa ya fi cin gashi. A wajen kunne a lanƙwasa shi da yatsa. Lokaci zuwa lokaci mai aski ya taɓa bakin kilifa a cikin hannunsa, don ƙarfen yana zafi.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, kuma a nan sabon hannu ya fi yin ɓarna. Yana neman layi ya miƙe, sai ya ci nan ya ci can, goshi ya yi ta komawa baya. A bi layin da gashin ya tsiro a kai, a cire 'yan silin da suka fito waje kawai.

Idan an yi yanka, a danna wurin da auduga mai tsafta har jini ya tsaya, a wanke. Ba a sa toka ko ƙasa. Bayan aski a wanke kan, a shafa ɗan man kaɗanya, musamman da hunturu. Gashin da ya zuba a tattara a binne kamar yadda aka saba.

5. Yi wa kai

Wanda zai yi wa kansa ya zaɓi lamba ɗaya ya bi kan duka da ita. Yana buƙatar madubi biyu, ɗaya a bango ɗaya a hannu, yana kuma shafa kai da ɗaya hannun don ya ji inda ya rage. Layin ƙeya ya bar wa ɗan'uwa ko uwargida.

Masu fama da ƙurajen aski a haɓa da wuya su san dalilinsu: gashi mai murɗewa, idan aka yanke shi dab da fata, yakan lanƙwaso ya soki fatar. Maganin farko shi ne a daina ƙwalƙwalewa da reza, a bar kamar milimita ɗaya da kilifa, kada kuma a ja fata ta miƙe lokacin gyaran fuska.

6. Jarirai, mata, da abin da malamai ke tunatarwa

Askin suna na rana ta bakwai ba wurin koyon hannu ba ne. Maɗigar jariri ba ta rufewa sai ya kai kimanin shekara ɗaya da rabi, fatarsa kuma ba ta da kauri. Wannan aikin gwanin wanzami ne. Abin da ke kan uba shi ne ya tanadi sabuwar reza a buɗe ta a gabansa, ko ya tabbatar an wanke askar an tafasa ta. Faɗin haka cikin ladabi ba raini ba ne ga sana'a, kuma wanzamai da yawa sun riga sun rungumi wannan tsari. Kafin ranar ma, ya kamata jaririn ya sami allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Tana cikin jerin rigakafin yara na Najeriya tun 2004, kuma kyauta ake yin ta a asibitocin gwamnati.

Mata da 'yan mata kitso suka fi yi, amma dokar tsafta ɗaya ce: mataji da tsinken tsifa a riƙa wanke su, kada a yi aronsu ga mai makero ko ƙwarƙwata. Kitson da aka ɗaure da tsanani yana cinye gashin gaban goshi a hankali, kuma idan aka daɗe ana yi ba lallai ya sake tsirowa ba. Uwa ma tana iya koyon riƙe kilifa. A gidan da mai gida ke tafiya cin rani, ita ce za ta riƙa yi wa yara maza.

A da akan bar wa yara zanko ko tukku. Malamai suna karantar da cewa an yi hani a aske wani sashe na kan yaro a bar wani, bisa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar. Suna kuma tunatar da cewa an so wanda ya yi niyyar layya ya dakata da aski da yanke farce daga shigowar Zulhajji har ya yanka dabbarsa. Mai wannan niyya sai ya yi askinsa a ƙarshen Zulƙida.

7. Lokacin zuwa asibiti

Makeron kai ba ya warkewa da shafe-shafe kawai, domin cutar tana cikin saiwar gashi. Yana buƙatar maganin sha, irin su griseofulvin, na tsawon mako shida zuwa takwas, bisa awon ma'aikacin lafiya. A kai yaro idan kan ya kumbura yana fitar da mugunya, ko gashi na zubewa wuri-wuri, ko yanka ya yi ja yana zafi bayan kwana biyu. Babba kuma ya je idan ƙurajen ƙeya suka fara tauri suna haɗewa, don idan aka ci gaba da bin su da reza sukan zama tabo mai tudu. A fara da asibitin da ke kusa. Idan abin ya ƙi, akwai asibitin fata na Bela a Ungogo da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Magidancin da bai taɓa gwajin ciwon hanta ba ya nemi a yi masa, shi da iyalinsa, wanda ba ya ɗauke da cutar kuma ya karɓi rigakafi.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne ayyuka wanzami ke yi bayan aski?
2. Gida mai maza biyar, aski naira 400, sau biyu a wata, babu kuɗin hanya. Nawa suke kashewa a shekara?
3. Milimita nawa lamba 2 ke bari? Me ya sa ake so sabon hannu ya fara da babbar lamba?
4. Mene ne bambancin wankewa da kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanne ake fara yi?
5. Kwana nawa ƙwayar ciwon hanta nau'in B ke iya rayuwa a wajen jiki?
6. An rubuta 3.5% a jikin robar bilic. Idan aka zuba kofi biyu, kofi nawa na ruwa za a ƙara?
7. Me ya sa man shafawa kaɗai ba ya warkar da makeron kai?
8. Aikin gida: kowane mai koyo ya tambayi farashin kilifa da kuɗin aski a garinsu, ya sake lissafin Misali na 1 da adadin mutanen gidansa, ya kawo aji mako mai zuwa.